Kefas Mai Jirgin Katako

Raini ba ya kai mutum ko'ina sai gidan nadama. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma mu mutanen Dutsin-Ma mun ga haka ƙiri-ƙiri. Amma kafin a zo kan mai rainin, bari a fara da wanda aka raina, don yabon gwani ya zama dole.

Kefas kafinta ya ajiye aikin hukuma a watan jiya. Shekara da shekaru, kullum da sassafe za ka gan shi bisa kekensa, zarto ɗaure a baya, fensir a kunne. Ya gyara bencin makaranta, ya kafa ƙofar asibiti. In an tashi da la'asar ba ya zaman majalisa. Sai ya zagaya bayan gidansa, gindin bedi, inda jirginsa yake: jirgin sama na katako da langalanga, mai kujeru goma sha biyu, wanda bai taɓa rabuwa da ƙasa ko da taƙi ɗaya ba. Shi kansa Kefas bai taɓa shiga jirgi ba. Ba ma Musulmi ba ne. Kirista ne daga kudancin Zariya, aiki ya kawo shi.

Asalin abin, a 1975 Alhaji Mamuda na Wurma ya dawo daga Makka, ya kawo akwati gyara. Yana zaune yana ba da labarin wani tsoho ɗan Dabawa da ya shiga ban ɗakin jirgi ya kasa zare sakata, ya yi ta bugun ƙofa yana salati har murya ta dishe. Kowa ya bushe da dariya, ban da Kefas.

Ya ce, "Alhaji, sakatar nan, ja ake yi ko turawa?"

"Gefe ake zare ta."

"Zana mini a ƙasa in gani."

Daga zanen ƙasa jirgi ya samo asali. Kefas ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya samo kujerun tsohuwar bas, ya yi musu ɗamara da fata da ƙarfe, ya kafa matakala mai tsayi. Maniyyata daga Kurfi, Wurma da Dabawa suka fara zuwa, suna hawa, suna zama, suna koyon ɗaure ɗamara da kwance ta. Yana gaya musu ba a kunna risho a ciki, ba a kwarara ruwan buta a ƙasa. Abin da ya shafi ibada kuwa ba ya sa baki. Ya ce wannan na malamai ne, nasa sakata da ɗamara.

Kuma bai taɓa cewa ya gama ba. Duk shekara in alhazai sun dawo, mutane na bin su don zamzam da dabino, shi yana bin su da tambaya. Shekarar farko aka ce masa ƙofar ban ɗaki ba waje take buɗewa ba, naɗewa take yi a tsakiya. Washegari ya ɓalle tasa. Aka ce tagoginsa sun cika faɗi, ya rage. Aka ce babban abin tsoro ƙara ce da jijjiga, sai ya aro injin niƙa ya ajiye a wutsiya, ya ɗora gangar jirgin bisa sifirin na tsohuwar mota, ƙarti biyu su riƙa girgizawa.

Kefas, kai ne ka koya wa mutane hanyar da ba za ka taɓa bi ba. Kai ne matambayin da bai ɓata ba. Wani da digirinsa in an gyara masa kuskure sai ya yi fushi, kai kuwa sai ka ɗauko zarto.

To, a 1983 Inna Fatu, yayar Alhaji Mamuda, ta sami kujerar Makka tare da ɗanta Labaran, mai motar haya a Kurfi. Tsohuwa ce da ba ta taɓa hawa ko bene ba. Saura wata guda ta ce ita ta fasa, ba za ta shiga abin da ba shi da ƙafa a ƙasa ba. Kowa ya san in ta fasa bana ta fasa ke nan har abada, don ƙarfi ya soma ƙarewa. Alhaji Mamuda, wanda zai koma karo na biyu, ya lallabo ta zuwa gindin bedi. Labaran ya kawo su a mota, ya tsaya nesa yana dariya.

Kefas ya ce, "Malam Labaran, bismilla, akwai kujera."

"Ni? Ni da na kai mota har Ikko, zan shiga akurkin kaji? Kai ka taɓa ganin cikin jirgi?"

"Ban taɓa ba."

"To makaho ke jan makafi."

Kefas ya koma wajen tsohuwa. Ranar nan Inna Fatu hawa uku ta yi a matakala ta sauko. Ya ce, "Inna, ya isa na yau. Jibi mu yi huɗu." Zuwanta tara kafin ta yarda a tada injin niƙa. Da aka tada ta cafke hannunsa ta ce, "Ɗan nan, kashe ni za ka yi!" Ya ce, "Inna, ki kashe tsoron a nan, kada ki kai shi Kano."

Suka tafi. Amma maganar Labaran ta zauna wa Kefas a zuciya, don akwai gaskiya a cikinta: da ji ya gina jirgin nan, ba da gani ba. In na gaske ya fi nasa muni fa? In ya yaudari tsohuwa ta hau abin da zuciyarta ba za ta ɗauka ba? Makonnin nan abinci ba ya yi masa daɗi. Wani labari ya iso gari cewa mutum ɗaya daga Kurfi bai tashi ba, amma ba a san ko wane ne ba, domin wanda abin ya sama bai yarda ya dawo gida ba.

Ranar da alhazai suka sauka, Kefas ya hau keke har Wurma. Ya tarar da ƙofar gidan Alhaji Mamuda cike da jama'a, ga Hajiya Fatu zaune bisa darduma, haƙorin Makka na walƙiya. Alhaji Mamuda ya shaida cewa ta hau matakala ba ta ko waiwaya ba, ta ɗaure ɗamararta, ta juya ta ɗaure wa matar da ke kusa da ita.

Da ta hango shi ta ce, "Kai Kefas, Allah ya shirye ka! Ashe wahalar da ni ka yi ta yi. Nasu ai lafiya lau yake tafiya, naka ya fi shi jijjiga!"

Kefas ya zauna a ƙasa, ya sauke wata ajiyar zuciya, ya yi dariya har da hawaye. Da ya nutsu sai ya ciro fensir daga kunne ya ce, "Hajiya, kamar yaya nasu ke yi?"

Mun gode, Kefas. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma samarin yanzu, ku dubi wannan: ba dole sai aiki ya shafe ka za ka kyautata shi ba.

Labaran kuwa, ranar tashi a filin jirgi na Kano, yana tsakiyar matakala wani jirgi ya tashi a kusa da su da wata irin ƙara. Sai ya sauko a guje, ba a ƙara ganinsa ba har aka rufe ƙofa. Ya rasa kujerarsa, ya rasa hajjin shekarar. Ragon da ya yanka na sallama an riga an cinye. Ya yi wata biyu ɓoye a Kano don kunya. Da ya dawo kuma, da hannunsa ya goge "Alhaji Labaran" da ya riga ya sa aka rubuta masa a goshin mota.