Shafi na Arba'in da Bakwai a Littafin Jirgin Likita

A filin ƙananan jirage, can rumfar ƙarshe kusa da tankin mai, akwai wani tsohon makanike da kowa ke kira Baba Ba-ragi. Sunan ya bi shi ne don in ya faɗi magana, ko a kan ƙusa ce, ya gama. Shekara ashirin da shida jirgi ɗaya yake yi wa hidima, wani ɗan fari mai kujera huɗu, na wani likita da ke zuwa duba marasa lafiya a garuruwan da mota ba ta shiga da damina. 'Ya'yan Baba har tsokanarsa suke wai jirgin ne babban yayansu, tunda shi ake fara goge wa fuska kowace safiya.

Da Likita ya rasu, jirgin ya yi zaman shekara huɗu. Ba wanda ya sa Baba, amma kullum yana nan, yana hura tayoyi, yana korar tsuntsaye masu neman yin sheƙa a hancin injin. Burinsa ɗaya ne, ya ga jirgin nan ya sake tashi kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Ran nan sai ga Magaji, babban ɗan marigayin, ya zo za a sayar a raba gado. Kuma da wa ya zo? Da dillalin motoci, mutumin da bai taɓa shiga jirgin da ba a raba abinci a ciki ba. Ya zagaya jirgin, ya ɗan harbi taya da takalmi kamar mai taya tsohuwar tasi.

"Ai wannan ajiya ce, sabo fil," in ji dillalin. "A watsa masa fenti, a sa miliyan casa'in."

Baba ya ji abin har cikin haƙoransa, amma ya danne, ya nemi kwana uku. Ya leƙa cikin injin da fitila, ya lissafa awannin da suka rage kafin a yi masa garambawul, ya buga wa tsofaffin abokan aiki waya ya ji nawa irinsa ya tashi bana. Sannan ya ce sittin da biyu.

"Magaji, jirgi ba mota ba ne. Zama cinsa yake. Akwai tsatsa a injin, mai saye zai kashe kuɗi a kai, dole a rage masa wannan. Amma jikinsa garau yake, littafinsa kuma cikakke. In an ba ka sittin da ɗaya kada ka karɓa."

Littafin da yake nufi shi ne wanda ake rubuta duk abin da aka taɓa yi wa jirgi, da kwanan wata da sa hannu. Dillalin ya hau buɗawa yana lasar yatsa, har ya tsaya a shafi na arba'in da bakwai. A nan aka rubuta ranar da ƙafar gaba ta faɗa rami wajen sauka ta karye, shekara goma sha tara baya.

"To ga abin da ke karya mana farashi. Mai haɗari ne ashe. A cire wannan."

Wallahi gara da ya zagi Baba. Shafin nan mako goma sha ɗaya ne na rayuwar Baba, yana durƙushe a ƙarƙashin jirgi har gwiwarsa ta yi kanta. Mai duba jirage da ya zo ya ga aikin sai da ya kira yaransa su kalla. Bayan gyaran jirgin ya yi awa dubu biyu a sama ko tari bai yi ba. Shi ne wani mai sayar da gwanjon motoci yake kira abin kunya.

"Ɗana, a hannuna ka fara zama a kujerar nan, ƙafarka ba ta kai ƙasa," Baba ya ce wa Magaji. "Kada ka taɓa littafin nan. Mai saye ba ya gudun gyara, abin da aka ɓoye masa yake gudu."

"Baba, albashi mahaifina yake biyanka, ba gado ya bar maka ba," in ji Magaji. Ya sa littafin a hammata ya tafi da shi.

Aka yi fentin kuwa, ja da fari, har kan tambarin da bai kamata a shafa ba. Mai saye ta farko wata matuƙiya ce mai makarantar koyon tuƙi, kuma da gaske ta zo, har da kuɗin gyaran injin a shirye. Ko kallon fentin ba ta yi ba. Ta zauna kan durom ta buɗe littafin a cinya, tana bi shafi shafi. Daga arba'in da shida sai ta ga arba'in da tara.

"Ina ganyen da ke nan?"

Magaji ya ce wai ɓera. Ɓeran da ya iya yanka da reza, a miƙe sak. Baba ya kasa haƙuri, ya zayyana mata komai, rana da wata da lambar kowane ƙarfe da ya sauya.

"Na yarda da kai, Baba," ta ce. "Amma 'ya'yan mutane zan ɗora a ciki, kuma duk wanda zai tambaye ni gobe, littafi zai duba, ba kai ba." Ta rufe ta miƙa wa Magaji.

Ganyen kuwa tuni ya bi shara. Masu harkar ƙananan jirage ba su da yawa, kafin sati kowa ya ji. Dillalin ya daina ɗaga waya. Casa'in ta koma hamsin, hamsin ta koma talatin, ba wanda ya ko taya. Bayan wata takwas wani mai sayar da kayan gyara ya saya a ashirin, don ya farfasa ya sayar gunduwa gunduwa.

Da ya tambayi wa zai kwance masa, kowa a filin ya nuna rumfar ƙarshe. Baba ya ce ba zai yi ba, ya tafi gida yana huci. Washegari ya ga yaran mutumin sun iso da guduma da abin yankan ƙarfe, sai ya daka musu tsawa ya kore su, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa. Karo na farko ke nan da aka ga ya janye magana.

Kwana tara ya yi yana kwancewa, kowace ƙusa da ƙunshinta da lambarta. Ƙafar gaba ya bari ƙarshe. Mai kayan gyaran ya juya ta, ya shafa, ya ce bai taɓa ganin mai kyanta ba, tamkar ba a taɓa gyara ta ba.

"An gyara ta," in ji Baba. "Ni na gyara ta. Kawo takarda in rubuta maka."