Hantar da Inna Ta Soya

Ina aji biyu na babbar sakandare a Kontagora malamin kemistiri ya rubuta mana catalyst a allo. Ya ce abu ne da ke hanzarta aikin sinadarai, amma shi ba ya ƙarewa, yadda ya shiga haka yake fita. Muka haddace, babu wanda ya gane. Sai ya zuba haidirojin, ruwan nan na wanke ciwo, a kwalba, ya jefa ɗan yankan ɗanyar hanta. Kai! Kumfa ta taso fuu har ta malalo kan tebur. Ihun da na yi ya sa malam ya ce tunda na fi kowa zumuɗi, ni zan nuna wannan a gaban iyaye ranar taron makaranta.

Murna kamar ta kashe ni, don ina da dalili. Baba dillalin shanu ne, abin da bai gani da ido ba bai yarda da shi ba. Ya riga ya ce ƙarshen zango zan bar ajin kimiyya in koma koyon ɗinki wurin gwaggona, tunda ban da manyan kalmomi bai ga abin da nake kawowa gida ba. Na dame shi da magiya har ya ce zai zo ya gani.

Ana gobe taro na sayo hanta wurin mahauci, na rufe a ɗan kwano, na hana kowa sakat da labarin kumfa. Abin da na manta shi ne Inna ba ta barin ɗanyen nama ya kwana a gidanta, ga zafi ga babu wuta. Da safe na suri kwanon na haye acaɓa ban ko buɗe ba.

Sai a gaban iyaye, bayan na zuba bayanina da Turanci ina wani ɗaga kai, na buɗe murfi. Ƙamshi ya buge ni. Inna ta soye hantar tas, har da yaji da albasa. Na daure na jefa yanka ɗaya a kwalba. Shiru. Ta nutse ta kwanta abinta.

Malam ya leƙo ya ce, "Ai wuta ta kashe abin da ke aikin. Sai ɗanya."

Aka kwashe da dariya. Ina kallo Baba ya miƙe ya fice. Wallahi na fara hango kaina a kan keken ɗinki. Malam yana ta jan mutane da surutu don in samu in haɗiye kukana.

Can sai ga Baba ya dawo yana haki, babbar riga a saɓe, ɗanyar hanta a leda. Ashe wurin mai tsiren bakin titi ya je ya tsare shi kafin ya ɗora a wuta.

Ya miƙo mini ya ce, "Ungo. Sa mu gani."

Na ɗauki yanka ɗaya na jefa. Kumfa ta yi tsiri ta zubo har ƙasa, mata suna salati, yara suna tsalle, ni kuwa na fi su duka ihu. Da ta lafa na tsamo hantar na ɗaga sama, tana nan.

Malam ya ce wa iyaye Turawa har mutum suna kira da wannan kalma ta catalyst, wanda zuwansa ke sa abin da ya tsaya ya motsa. Na waiwaya. Baba ya koma kujerarsa yana goge hannu, fuska a ɗaure kamar kullum, kamar ba shi ba.

Da muka isa gida Inna ta tambaya ko hantar ta yi daɗi. Baba ya ce, "Daga yau in kin ga nama a kwanon yarinyar nan, kada ki taɓa. Kayan karatunta ne, kuma da sauranta a ajin kimiyya."