Baƙin garin da na zuba a lallen mata

Lalle nake sayarwa a kasuwar Matamaye, shekarun da Faransawa suka fara zama a Damagaram. Yayata Hajo, mai fura, ita ta rene ni, ita ta kafa mini rumfa.

Ina da amini, Tanko, mai gyaran takalman soja a bariki. Wata ranar kasuwa ya kawo mini baƙin garin da suke rina fata da shi, wanda ya sato. Ya ce, "Barbaɗa kaɗan a lallenka, nan da nan zai kama." Na tambaye shi ko yana cutarwa. Ya rantse matarsa ma da shi take ƙunshi.

Da ɗan kaɗan na fara. Mata daga Kurni da Yauri suka riƙa neman rumfata, ina ce musu lallen Agadas ne. Sai na riƙa ƙara garin.

Da sallah ta matso, Hajo ta zo ɗiba. Ta ce, "Ƙanena, babu haɗi ko?" Na ce babu.

Ƙaiƙayi ya fara mata, sai ƙuraje. Bayan wata biyu fatar yatsunta ta yi fari fat har wuyan hannu. Ba kowa ya samu ba, ita ce da wasu mata kaɗan. Wasu suka ce albaras ne, wasu suka ce kuturta. Aka daina sayen furarta.

Mijin ɗaya daga cikin matan ya kai ƙara. Likitan bariki ya ce wataƙila garin ne ya tada ciwon. A gaban kumandan Faransawa, Tanko ya dube ni ya ce ni na sace garin ranar da na kai masa ziyara. A can na ji cewa tun farko ya hana matarsa taɓa shi. Shekara biyu na yi a kaso ina fasa dutse. Bai taɓa leƙo ni ba.

Da aka sake ni, na tarar Hajo tana dakau a gidajen mutane. Na durƙusa ina neman gafara. Sai ta turo mini ƙwaryar abinci. "Ci, in ba ka ƙyamar hannuna."

Na tuba, amma farin bai tafi ba har ta rasu. Ku samari, abin da ba ku san asalinsa ba kada ku sayar wa mutum ya shafa a jikinsa. Kuma idan wanda ya amince da ku ya tambaye ku, ku faɗa masa gaskiya.