Baƙin Fitsarin Ɗana

A bakin ruwan Wara aka fara ganin abin, wurin wanki. Ɗana na fari bai yi wata uku ba na lura tsumman da nake ɗaura masa yana yin baƙi in ya kwana, in na sa masa sabulu kuma sai abin ya ƙaru, kamar an goge gindin tukunya da shi. Matan garinmu ba sa wanki da ido a rufe. Kafin in shanya tsumma na biyu labari ya riga ni gida.

Mijina ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, don haka uwar mijina ta san ni tun ina tsumma. Wannan bai hana ta cewa ni ce nake cin yaron ba. Maita, in ji ta, daga wajen dangin Inna na sha ta a nono. Ta ce a yaye shi a ba ta, ni kuma in koma gidanmu. Mijina mutum ne mai sanyi, in magana ta yi zafi sai ya tuna komarsa ta kamun kifi tana bukatar gyara.

Ni ba ni da sanyi. Na goya ɗana na hau mota zuwa Yauri. A asibiti na ɗora shi a kan ƙafafuna yadda muke yi wa jarirai, ina yi masa tsss har ya yi fitsari a kwalba. Sai ga shi garau kamar na kowa. Na ji kunya, na kuma ji haushi, na ce da likitan ya ajiye kwalbar zuwa gobe in ya ga dama ya kira ni maƙaryaciya. Ya ajiye. Washegari ta koma kamar shayin da ba madara, ya daɗe yana juya ta a hannu. Ya ce yana zargin wata cuta ta gado, amma na'urar da ke tantance abin da ke cikin fitsari sai a babban birni, kuma dole fitsarin ya isa can da sanyinsa.

Yayana kifi yake saye a Yauri yana turawa birni. Shi ya naɗe kwalbar a leda uku, ya binne ta cikin ƙanƙara a tsakiyar kwandon ragon ruwa, yana tsokanata wai bai taɓa ɗaukar kayan da ba riba irin wannan ba.

Da aka ce sakamako ya zo na ƙi tafiya ni kaɗai.

"Gwaggo, ki tashi mu tai," na ce mata. "Ke kin ka yi min shari'a, ki zo ki ji da kunnenki."

"Mi za ni ji wanda ban sani ba?" in ji ta. Amma ta ɗauki mayafi.

Likitan ya yi bayani a hankali. Akwai wani sinadari da jikin kowa ke narkarwa, jikin ɗana ba ya iyawa, sai ya fito a fitsari, in ya sha iska ya yi baƙi. Ba zai kashe shi ba. In ya manyanta gaɓoɓinsa za su iya damunsa, shi ya sa za a riƙa duba shi. Ya ce yaro ba ya samun wannan daga uwa kaɗai, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kuma an fi ganinsa inda aka yi auren zumunci.

Na so in yi shiru, wallahi na so, amma bakina ya ƙi.

"Likita, in ni da mijina kakanmu guda, ta wace hanya abin ya biyo zuwa ga mijina?"

Ya dubi Gwaggo, ya ce mai yiwuwa ta wajen mahaifiyarsa, kuma ba laifin kowa ba ne.

A motar dawowa, har muka wuce Ngaski tana kallon waje ta taga. Ni kuwa ina zaune ƙirji a buɗe, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba, don da ƙafata na je na ƙwato ɗana. Da muka sauka a Wara ta miƙo hannu.

"Kawo shi in riƙa miki, bayanki ya gaji."

Na ce mata bai gaji ba. Na gyara goyona na wuce gaba, ta biyo ni da jakar tsummansa.