Rigar Baba Mai Fenti

Ni ce na ɗauki hoton, kuma ni ce na ce a buga shi. Gara in faɗa tun yanzu, domin wata takwas ke nan mutanen unguwarmu suna zagin mai buga takardu a kan laifin da ba nasa ba, ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu ina gyaɗa kai.

Ƙungiyarmu ta taimakon unguwa ce, kuma ba wata babba ba ce. Mu talatin da 'yan kai ne: teloli, direbobi, masu shaguna, mai kyamis wanda shi ne shugabanmu, sai ni malamar firamare da aka liƙa wa aikin yaɗa labarai, wai don wayata ta fi ta kowa ɗaukar hoto. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata muna fita aiki. Mu yashe kwata, mu gyara bencinan makaranta, mu kai wa marasa lafiya sabulu. Kowane ɗan ƙungiya yana da 'yar riga rawaya marar hannu da yake sakawa a kan kayansa, kuma muna da doka ɗaya da kowa ya haddace: mai riga bayarwa yake yi, ba ya karɓa. Ko ruwan leda aka sayo don mutanen da muka je taimaka wa, mai riga ba ya taɓa shi.

Baba Mai Fenti ne ya kawo dokar nan, shekara ashirin da suka wuce, ranar da su bakwai suka kafa ƙungiyar a ƙofar shagon wani tela. Huɗu daga cikinsu sun rasu, biyu sun tashi daga unguwar, shi kaɗai ya rage.

Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara riƙe wa wani mai fenti tsani, daga nan bai sake sanin wata sana'a ba. Gidaje, shaguna, allunan makaranta, babu bangon da hannunsa bai taɓa ba. Matarsa ta rasu ta bar masa yara uku, bai ƙara aure ba, da burushin nan ya ciyar da su ya kai su makaranta. Matan biyu suna gidajen mazajensu. Babban ɗan kuma injiniya ne a wani gari, duk abin da Baba yake bukata yana aiko masa tun kafin ya tambaya. Gidan da yake ciki nasa ne, ɗaki uku, kuma duk shekara biyu sai ya sake masa launi ko da bangon bai nuna ya gaji ba.

Gajere ne siriri, ga faɗa kamar me. In ka tsoma burushi ya wuce rabi, daga can ƙarshen bango za ka ji muryarsa: “Kai! Burushi ne a hannunka ba ludayi ba! Bakinsa kawai ake tsomawa!” Direbobinmu, manya da gemunsu, sai su yi tsuru-tsuru kamar 'yan ajina. Ni kuwa 'yata yake ce min, kuma duk farkon zango sai ya zo ya shafe min allon aji da baƙin fenti, ba tare da na roƙe shi ba.

Abin da muke tsokanarsa da shi ita ce rigar. Da ita yake zuwa wurin aiki, a wanke a goge. Yana isowa sai ya cire ta, ya ninke, ya saka a leda, ya nemi ƙusa ya rataye. Sannan ya zura tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda fenti ya yi wa launi ya fi goma, hannu ɗaya kuma a yage.

“Haba Baba,” mu ce, “ai don aiki aka ɗinka rigar ƙungiya.”

“Ku dai ku ɓata taku,” ya ce. “Tawa ita ce ta farko da tela ya yanka. Ba ɗigon fentin da zai taɓa ta ina raye.”

Shi ya sa duk hotunan aikinmu za ka ga kowa cikin rawaya, ban da shi.

Ɗan nasa ya daɗe yana so ya daina wannan aikin. Baba da kansa ya ba ni labari wata rana yana shafe min allo. “Wai in mutane suka gan ni cikin tsummokara za su ce 'ya'yana sun yar da ni. Na ce masa wa zai ce? Duk unguwar nan wa bai san ni ba? Sai ya ce to mu yi alkawari, duk ranar da wani ya yi min kallon mabaraci, ranar na ajiye burushi.” Ya yi dariya har yana tari. “Na ce na yarda, tunda ba za a yi ba.” Ni ma na yi dariya. Da kunnena na ji wannan maganar, ba wani ya faɗa min ba.

Bara muka ƙudura yin rumfa a ƙaramin asibitin unguwa, inda mata masu ciki suke jiran awo a cikin rana. Aikin ya fi ƙarfin aljihunmu, sai aka shirya walimar neman gudunmawa a zauren makarantarmu, ranar wata Asabar da rana. Aka gayyato 'yan kasuwa da masu hali daga wajen unguwa. Tunda kuma ƙungiya ta cika shekara ashirin, aka ce a ranar za a karrama Baba da takardar yabo. Murna a wurinsa ba a magana. Ya kira ɗansa ya ce lallai ya zo ya gani da idonsa.

Shugaba ya ce min, “Malama, muna son babban ƙyalle mai hoto a bayan teburin baƙi. Ki samo hoton da zai taɓa zuciya.” Na kwashi hotuna kusan arba'in na tura wa mai buga takardu na ce ya zaɓa. Baƙo ne a unguwar, bai fi wata uku da buɗe shago ba.

Ranar Alhamis ina tsakiyar duba takardun jarrabawa ya turo min samfurin a waya. Kallo ɗaya na yi na gane. Baba ne, ranar da muka yi fentin katangar asibitin. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, gumi ya jiƙa yagaggiyar rigar, ya cire takalmi ɗaya, ya miƙa hannu. Gwangwanin kananzir yake ƙoƙarin jawowa don ya wanke burushi, amma an yanke gwangwanin daga hoton, hannun kawai ya rage a miƙe. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: “Ku taimaka, kada su jira a rana.”

Bawan Allahn nan har tambayata ya yi. Ya rubuto, “Malama, tsohon nan ya amince a saka shi?”

Na ce wa kaina ai fuskar ta ɗan juya, ai hula ta rufe goshi, ai lokaci ya ƙure. Duk ƙarya ce. Gaskiyar ita ce hoton ya yi kyau, ni na ɗauka, kuma ina so a ce Malama ta iya aiki. Na rubuta masa, “Ba matsala, buga.” Na koma kan jarrabawata.

Ranar Asabar aka rataye ƙyallen, ya kai faɗin ƙofa biyu. 'Yan ƙungiya suna shigowa da kujeru, kowa ya ɗaga kai sai ka ga ya rage tafiya. Shugaba ya matso kusa da ni ya rage murya. “Malama, wannan ba Baba ba ne?”

“Mai buga takardu ne ya zaɓa,” na ce, ban ko kalle shi ba.

Ya dubi ƙofa, motocin baƙi sun fara tsayawa. “An makara,” ya ce. “A bar shi kawai.”

Sai ga Baba da ɗansa. Baba ya sa fararen kaya, rigar rawayar tana sama, ga takalmi sabo da ke matsa masa ƙafa. Idonsa ba ya gani sosai daga nesa, don haka ɗan ne ya fara gani. Na ga ya tsaya cak. Baba kuwa ya wuce gaba yana gaisawa da mutane, har ya isa gaban ƙyallen. Ya goya hannuwa a baya, ya ɗaga kai, yadda yake yi in yana duba bangon da wani ya shafa. Ya daɗe a haka.

Wata hajiya daga cikin baƙi, 'yar kasuwa, ta dubi hoton ta dubi Baba. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi. “Ayya, Baba, kai ne? Sannu, Allah ya kawo sauƙi.” Ta buɗe jaka ta ciro kuɗi ta danna masa a tafin hannu, a gaban kowa.

Baba ya tsaya yana kallon hannunsa. Ɗan ya tako a hankali, ya buɗe yatsun mahaifinsa, ya zare kuɗin ya ajiye a kan tebur. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi shugaba ya ce, “Mahaifina ba mabaraci ba ne.” Sannan ya ce, “Baba, mu tafi.” Suka fita, takardar yabon tana cikin jakata.

Walima ta ci gaba, aka ci abinci aka sha lemo, kuma an samu abin da ake nema har da ƙari. A taron da ya biyo baya kowa ya sauke fushinsa a kan mai buga takardu, aka yanke cewa ƙungiya ba za ta sake ba shi aiki ba. Aka tambaye ni ko ina da abin cewa, na ce babu. Shugaba da wasu dattawa suka je gidan Baba ba da haƙuri, ya karɓe su da fara'a ya ce ba komai, amma bai sake fitowa aiki ba. Rumfar ta tashi, mu muka yi mata fenti. Je ka gani, duk ta yi zane-zane, wani wuri kauri wani wuri kamar ba a taɓa ba. Allon ajina ma ya koɗe, zango biyu ke nan alli ba ya kama shi sosai, kuma duk safiya sai na tsaya a gabansa.

Makon jiya na kasa jurewa. Na tashi daga makaranta na wuce gidansa kai tsaye. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, ya rame. Burusansa suna rataye a jere a bango, a wanke, sun bushe ƙamas. Tsanin babu, ya ce ɗansa ya sa an ɗauke.

Na durƙusa na gaishe shi, ban bari ya gama amsawa ba na ce, “Baba, ni ce. Mai buga takardu ya tambaye ni, ni na ce ya buga. Na gane ka, kuma na san alkawarinka da ɗanka.” Kuka ya ƙwace min, ni da nake tsawata wa yara arba'in a aji.

“Na sani, 'yata,” ya ce. “Washegari na je shagonsa in wanke shi tas, sai ya nuna min saƙonki.”

“Wata takwas ka sani? Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“In faɗa a ce me? Ke malama ce, yara suna kallonki. Amma mutumin nan ki je ki wanke shi a wurin jama'a, ba ruwansa.” Sannan ya tambaya, “An ce rumfar ta tashi?”

“Ta tashi, Baba.”

“Madalla. Ashe zaman da na yi a ƙasa ya fi burushina na shekara ashirin amfani.” Ya yi murmushi, amma ni ji na yi da ma marina ya yi.

Na ce zan kira ɗansa da kaina, zan faɗa masa komai, zan tsaya gaban taro in faɗa, shi dai ya dawo. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da leda ya miƙo min. Rigar ce a ciki, a ninke, rawayarta ko kaɗan ba ta koɗe ba.

“Ko yaron nan ya janye maganarsa, akwai doka,” ya ce. “Ni na kawo ta. Mai riga ba ya karɓa.”

“Haba Baba, ai ba ka karɓa ba! Danna maka aka yi!”

Ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. “Ya rufe a kai, 'yata,” ya ce. “Na ji lokacin da ya rufe.”

Na fito da ledar a hannu. Shagon mai buga takardu yana kan hanyata, ƙofar a buɗe, yana ciki yana yanka takarda. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama.