Bangon Ƙasa a Cikin Rigar Siminti

Wata Talata ce a tsakiyar damina, ƙarfe huɗu na yamma. Mu uku ne: ni da ƙanena da wani tsohon magini. Har in mutu wannan yammaci ba zai fita raina ba.

Gidan yana tsohon gari, kusa da babbar kasuwar Garoua. Na wani attajirin da ne, aka gyara shi ya zama sassa huɗu na haya, aka ɗora masa bene, aka shafe shi da siminti da fenti. A shekarun da aka zaftare albashi ne, kowa na neman abin dogaro. Ni na lallashi ƙanena muka sayar da gonar da mahaifinmu ya bar mana a Ngong, muka sayi gidan. Na duba takardu sau uku. Bango kuwa ban duba ba.

Wata 'yar haya ce ta ce ɗakinta yana gumi, shi ya sa na kira maginin. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya kasa kunne, sannan ya buga ƙusa. Da ya zare ta, sai jar laka ta biyo baya.

"Alhaji, wa ya cire indararon gidan nan?"

"Haka na same shi, Baba."

"Ginin ƙasa ne a ciki. Yaɓe yake so kowace shekara, ya sha ruwa ya bushe. Sun rufe shi da siminti, ruwa ya shiga ya rasa mafita, suka kuma ɗora masa kaya a ka. Ka fitar da mutane yau."

"Babu gyara?"

"Gyaran me? Kunu ne a ciki."

Ƙanena ya shafa lakar, ya dubi yatsunsa. "Yaya, gonar tamu ke nan?"

A daren muka kwashe 'yan haya. Bayan kwana tara bangon gabas ya zauna, benen ya bi shi. Ba a rasa rai ba.

Na koyi cewa tsohon gini ba a ofis ake tambayar lafiyarsa ba, wurin masu yaɓa shi ake zuwa, kuma kafin a biya. Filin yana nan, ba mu iya gina shi ba. Ƙanena yana noma a Ngong, a gonar haya.