Isyaku Kafinta da Bindiga Mai Zakara

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ya san rumfar Malam Isyaku, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar gudumarsa. Daga Garko ya zo Kano yana saurayi, ya fara da ɗaukar katako a ka, ya koyi haɗa benci, daga nan ya hau rufin gidaje bai sauko ba. Gajere ne, ga son hira, kuma ba ya iya magana sai da ƙusa biyu ko uku a gefen baki. Matarsa Kande ta ce ta sha tsintar ƙusa a cikin tuwonsa.

Da shekaru suka ja, kafaɗarsa ta dama ta fara ƙorafi. Idan ya yini yana buga rufi, washegari da ƙyar yake ɗaga hannu ya sa hula. Ana cikin haka ya je wani aiki a Hotoro, ya ga wani kafinta yana tafe a kan katako riƙe da wani abu, yana dannawa, tas, tas, tas, ƙusa na nutsewa ba guduma. Isyaku ya tsaya kallo har ƙusoshin bakinsa suka zube.

Da ya koma gida ya ce, "Kande, bindiga zan saya."

Ta ajiye ludayi. "Malam, wa ya taɓa ka?"

"Ta ƙusa, Kande, ta ƙusa."

"To ita ƙusar me ta yi maka?"

Sai da ya zauna ya kwatanta mata da muciya kafin hankalinta ya kwanta.

Abokinsa Mu'azu mai A-Daidaita-Sahu, wanda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba, shi ya kai shi kasuwa. Nan suka tarar abin iri-iri ne. Akwai mai aiki da iska, sai an haɗa ta da kwampreso, injin hura iska, akwai mai batir. Sunayen kamfanonin kuwa ba mai wahalar da harshensa, da hoton jikinsu ake kiransu. Ga mai giwa, ƙatuwa, baƙa, ba fasali. Ga mai zakara, ja jawur, tana ƙyalli, har da 'yar fitila a hanci.

"Malam, ɗauki mai zakaran nan," in ji Mu'azu. "Ko a ido ka san ta fi lafiya."

Mai shago ya harba ƙusa a wani farin katako mai taushi, ta shige sumul. Isyaku ya rungumi bindigar suka taho.

Mako guda ya yi yana nuna ta ga duk wanda ya gitta ta rumfar. Sai aka kawo masa aikin ƙofa da katakon maɗaci. Ya danna, zakara ya yi tari, ƙusa ta shiga rabi ta lanƙwashe. Ya sake, ta maƙale a ciki gaba ɗaya. Da jerin ƙusoshin da ta zo da su suka ƙare kuwa, ya zaga kasuwa bai sami irinsu ba. Mai shagon ya ce suna hanya, a jirgin ruwa.

Wani magini ne ya tura shi wurin Murtala mai gyaran injina a Tarauni. Isyaku na fito da ita daga buhu, Murtala ya yi dariya, ya nuna masa wani kwali a ƙarƙashin tebur. Jajayen bindigogi ne cike, duk da zakara a jiki.

"Baba, ajiye ta wurin 'yan'uwanta, ta ji ɗumi."

"To wace ce ba ta zuwa wurinka?"

"Duk suna zuwa. Sai dai mai giwa in ta zo, roba ɗaya nake canzawa ta koma aiki, robar kuma akwai ta a garin nan. Ƙusarta ma ko'ina ka je za ka samu. Kuma in za ka saya, tafi da katakonka. Kar ka yarda da na mai shago."

Haka Isyaku ya koma kasuwa da guntun maɗaci a aljihu, bai gaya wa Mu'azu ba. Ya bi shaguna yana gwada bindigogi a jikin guntun nan har masu shago suka fara ɓoye kayansu in sun hango shi. Mai giwa ce kaɗai ta nutsar da ƙusa har kai ba ta yi gardama ba. Ya sayi irinta mai batir, don ba shi da niyyar jan kwampreso zuwa saman gini.

Aikinta na farko rufin gidan wata Hajiya Bilkisu ne a Babban Giji, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Isyaku ya hau, ya tsuguna, aiki na gudu, kafaɗa shiru. Daɗi ya ɗebe shi har yana 'yar waƙa. Da aka kira azahar ya yunƙura zai tashi, sai ya ji an riƙe shi ta baya. Ashe ya haɗa da gefen rigarsa ya ɗinke a jikin katako, ƙusa bayan ƙusa, a jere reras.

Ya ja, ya murɗa, ko gezau. Hajiya Bilkisu ta leƙo daga ƙasa.

"Malam Isyaku, lafiya? Ko sabuwar bindigar ce ta ba da matsala?"

"Hajiya, wannan kam tana riƙo. Ki taimaka a miƙo mini almakashi."

Da rabin riga ya sauko ya yi salla da aron mayafin mai gadi. Ya ce zai zare ƙusoshin ya ciro ƙyallen, Hajiya ta hana, ta ce kar a taɓa mata katakon da ya kamu haka. Aka buga kwano a kai. Har yau in ya wuce ta layin da wani, sai ya nuna gidan ya ce yana da kaya a sama.